Kwata Kafin Kamara: Martani Kan Batun Mayar da Kano Birnin Na'ura

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan makomar birnin Kano, wadda a cikinta ya shawarci gwamnati da ta rage zuba kuɗi a yashe kwatoci da gina magudanai, ta karkata ga mayar da Kano birnin na'ura irin Dubai da Singafo. Abin da yake so a taƙaice shi ne a kafa kamarori a kowace mahaɗa, a dasa na'urorin awon ruwa a cikin magudanai, a gina ɗakin sa ido guda wanda daga cikinsa za a riƙa kallon garin baki ɗaya a allo, a ba kowa manhaja a waya da za ta sanar da shi inda ruwa ya taru, sannan a yanki fili a wajen gari a gina sabon birni wanda tun daga tushe da fasaha za a fara shi. Babbar hujjarsa ita ce, tunda mun tsallake zamanin wayar girke mun faɗa na salula ba tare da mun ja waya gida gida ba, babu abin da zai hana mu tsallake zamanin siminti da shebur mu faɗa na kwamfuta.

Malamin ya iya alƙalami, kuma duk wanda ya karanta ya san kishin garin ne ya sa shi rubutu. Akwai ma inda ya faɗi gaskiya mai ɗaci, zan kuma zo wurin. Amma a gundarin maganar, ina ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Tambayar da na riƙa yi wa kaina ina karatun ita ce: mene ne ba mu sani ba game da ambaliyar Kano wanda sai na'ura ta gaya mana? Ai aikin na'urar awo ke nan, ta sanar da kai abin da ya ɓoyu gare ka. To a tare kowane ɗan adaidaita sahu a tambaye shi inda ba ya bi idan hadari ya haɗu, zai lissafo su ba tare da ya numfasa ba, ya fara da Baban Gwari. A tambayi mai unguwa a Kurna ko Bachirawa ko Gayawa gidajen da ruwa ke shiga duk watan Agusta, zai kira sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ruwa ya lalata wa dilolin atamfa da shadda a watan Agustan 2022 ba su nemi wani masani ya yi musu bayani ba. Da yatsa suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Sun san su tun ana haƙa harsashinsu.

Kuma wannan sani ba na jiya ba ne. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa wata babbar fadama ta ratsa tsakiyar birnin, kasuwa tana kan wani ɗan tudu a tsakaninta, kuma da damina ruwa kan haye tudun. Jakara yake nufi, da kasuwar Kurmi wadda ke wurin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Shekara 200 ke nan ruwan nan bai canja alƙibla ba: daga gindin Dala da Goron Dutse ya gangaro, ya bi ta cikin birni, ya fita ta Fagge, ya haɗu da rafin Getsi, ya zube a madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Mu ne muka canja. Muka matse shi, muka gina a bakinsa, muka mayar da shi bola.

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin makalar ba ta ko ambaci kududdufi ba, alhali kuwa shi ne zuciyar maganar. Kakanninmu da suka gina birnin nan da ƙasa suka gina shi. Duk inda aka haƙi ƙasar tubali, ta gida ko ta badala, rami ya ragu, ramin nan kuwa shi ke karɓar ruwan unguwar idan an yi kamar da bakin ƙwarya. Ya riƙe shi kwana da kwanaki, wani ya tsotse cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, wani rana ta ƙone shi, saura ya malala Jakara a hankali. Ba injiniya ne ya zana shi ba, amma aikin da yake yi shi ne ainihin abin da manyan biranen duniya ke kashe maƙudan kuɗi yau don su samu, wato wurin da ruwa zai tsaya ya huce kafin ya wuce. Ba ina cewa kududdufi aljanna ba ne. Yana da wari, yana tara sauro, ya kuma ci yara masu wanka ba adadi. Maganin wannan shi ne a katange shi, a hana zuba shara, a tare masa ruwan masai. Mu kuwa sai muka zaɓi cike shi. A fara da shara, a bi da tifofin ƙasa, kafin ka ankara an yanka fulotai, filaza ta tashi. Duk wanda ya girma a cikin birni zai iya ƙirga kududdufan yarintarsa da yau shaguna ne ko gidan mai.

Bari mu yi ɗan lissafi, wanda ɗan firamare ma zai iya bi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fuloti mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi ya ɗan haura murabba'in mita 230. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a tsakiyar damina, fulotin nan kaɗai ya karɓi fiye da lita 11,000, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 sama da 460. A da, tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, kaso mai yawa na ruwan nan a wurin yake nutsewa. Yau rufin kwano ne, tsakar gida siminti ko tayil, ƙofar gida intalok, titi kwalta. Kusan duka ruwan waje yake fita, cikin mintuna kaɗan, daga kowane gida a lokaci ɗaya. A murabba'in kilomita guda, ruwan daren nan lita miliyan 50 ne. Ina za shi? Kududdufin da zai karɓe shi an sayar. Kwatar da za ta ɗauke shi an gina ta ne lokacin da rabin unguwar gonaki ne, kuma yanzu rabinta yashi ne da ledar fiyawata. Kwatar da ta cike zuwa rabi kuwa ba rabin ruwan take ɗauka ba, ƙasa da rabi take ɗauka, domin shara na rage wa ruwa gudu.

Yanzu a ɗauko na'urar malam a dasa a cikin kwatar nan. Ƙarfe biyu na dare za ta aika saƙo ɗakin sa ido cewa ruwa ya kai baki. Sai me? Mai gadin allon zai ga jan haske, mutumin Gayawa kuma ya riga ya ga ruwa a kan katifarsa. Wannan daidai yake da a saya wa majinyaci ma'aunin zafin jiki mai tsada, sannan a ce masa kuɗin magani ya ƙare.

Misalin wayar salula da malamin ya dogara da shi yana da daɗin ji, amma bai hau nan ba. Magana a iska take tafiya, shi ya sa aka iya yar da waya a kafa turke. Ruwa yana da nauyi, yana da girma, kuma ƙasa yake bi daga tudu zuwa kwari. Babu manhajar da za ta rage lita guda daga miliyan 50 ɗin can. Dole a ba shi fili, fili kuwa a Kano shi ne abin da ya fi komai tsada, shi ne kuma abin da aka fi rigima a kai. Idan aka bi diddigi, ambaliyar Kano rikicin fili ce.

Garuruwan da ya kafa hujja da su ma, da ya duba tarihinsu da kyau, da ya ga shaida suke bayarwa a kansa. Singafo ba da kamara ta fara ba. A 1977 Firaminista Lee Kuan Yew ya ba da umarnin a tsaftace kogin Singafo da kwarin Kallang, aka shekara 10 cur ana abu ɗaya. Aka tashi masu kiwon aladu da agwagi daga bakin ruwa, aka gina wa masu sayar da abinci a titi kasuwanni masu famfo da magudana, aka sauya wa dubban iyalai matsuguni, aka haɗa gidaje da bututun ƙazanta, aka kwashe laka daga gindin kogi. Aiki ne na wari da rigima da biyan diyya, aka gama a 1987. A shekarun 1970 ƙasar da ambaliya ke ci a tsibirin ta kai hekta 3,200. Yau ba ta kai hekta 30 ba. Shirinsu na mayar da ƙasa ta na'ura sai a 2014 aka ƙaddamar da shi, shekara 27 bayan an gama da kogi. Malam ya ga rufin ginin ya yaba, bai leƙa harsashin ba.

Dubai kuwa, ai kowa ya ga hotunan watan Afrilun 2024, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ga ruwan da ba ta taɓa gani ba tun da aka fara ajiye ƙididdiga a 1949. Jirage suna tafiya cikin ruwa a filin jirgi, motocin alfarma sun nutse a manyan tituna. Garin da ba a rasa kamara ko manhaja a cikinsa ba ke nan. Me suka yi bayan nan? A watan Yuni na shekarar suka amince da kashe dirhami biliyan 30 wajen gina magudanan ruwan sama. Kwata dai, Malam. Kwata mai tsada, amma kwata.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Zhengzhou a ƙasar Sin. Birni ne da ke alfahari da na'urorinsa, yana da kamarori da ɗakunan sa ido irin waɗanda marubucin ke mafarki. Ranar 20 ga Yulin 2021 aka zubar da ruwa fiye da milimita 200 cikin sa'a guda. Hukumar hasashen yanayi ta yi ta fitar da jan gargaɗi tun kafin lokacin. Ba a rufe ofisoshi ba, ba a tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa da wuri ba, mutum 14 suka mutu a cikinsa. Binciken gwamnatin tsakiya ya ce mutum 380 ne suka mutu ko suka ɓace a birnin, ya kuma ɗora laifi a kan shugabannin garin saboda sakaci da ɓoye adadin mamata. Gaskiya ne ruwa irin wannan babu magudanar da za ta ɗauke shi duka. Amma labari ya iso a kan lokaci, wanda zai yanke hukunci ne bai yanke ba.

Ba sai mun je Sin ba ma. Madatsar Alau da ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shanye Maiduguri har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ba sabon laifi ta yi ba. Ta taɓa ambaliya a garin a 1994. Shekara 30 ke tsakani, kuma kwanaki kafin abin ya faru mutanen da ke kusa suna ganin ruwa yana hauhawa. Abin da Alau ta rasa gyara ne da kuɗin gyara da wanda za a tuhuma idan ba a yi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da makalar ta tsallake gaba ɗaya: wa zai kula da kayan? A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470, mafi yawa bashi daga bankin ƙasar Sin, don kafa tsarin sadarwar tsaro da kamarori a Abuja da Legas. Aka kafa turaku da faifan sola, aka yi ta ɗaukar hoto. Ba a je ko'ina ba kamarorin suka mutu, aka sace batura da faifai, majalisar wakilai ta yi ta zaman bincike, bashin kuwa yana wuyan 'yan ƙasa. A babban birnin tarayya ke nan, kusa da idon kowa. Na'ura tana son wuta, tana son intanet, tana son sabon batir, tana son lasisin manhaja da ake sabuntawa da dala, tana son ma'aikacin da ya iya ta kuma ake biyansa albashin da zai hana shi gudu. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Kuma ko a ranakun lafiya, yaushe ne aka fi ɗauke wuta? Daidai lokacin da iskar hadari ta taso, wato daidai lokacin da ake buƙatar na'urar. Mu da murfin ƙarfen kwalbati ba ya kwana a titi saboda 'yan jari bola, shi ne za mu dasa na'ura mai tsada a cikin kwata mu tafi mu yi barci?

A gaskiya ina zargin abin da ke sa irin wannan shawara ta yi farin jini a wurin masu mulki ba ingancinta ba ne. Ɗakin sa ido ana yanke masa kintinkiri, a gayyato manyan baƙi, a nuna a talabijin. Babu gwamnan da ya taɓa gayyatar shugaban ƙasa ya buɗe kwatar da aka yashe. Haka muka cika gari da gadojin sama da na ƙasa, wasunsu kuwa suna da amfani ba musu, amma gadar ƙasa rami ce da aka haƙa a tsakiyar titi, kuma duk ramin da ba a yi wa mafitar ruwa ko injin zuƙa mai aiki ba, sabon kududdufi aka yi, wannan karon da motoci a ciki.

Batun sabon birni ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Mun gwada. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su da tituna da magudanai masu kyau, gidaje da yawa a cikinsu suka shekara da shekaru babu kowa, su kuwa talakawa suna can suna sayen awon igiya a kwari da bakin rafi, inda babu titi balle kwata. Kenya ta fara maganar birnin fasaha na Konza tun 2008, har yau bai zama abin da aka zana ba. Ko da sabon birnin ya yi kyau, miliyoyin da ke ƙananan hukumomi takwas na cikin gari ba za su koma can ba, ruwa kuma ba zai fasa shiga ɗakunansu ba don an gina wa wasu aljanna a hanyar Zariya.

To, inda malamin ya yi gaskiya. Ya ce kwangilar yashe magudanai ta zama hanyar cin kuɗi ta shekara shekara, kuma ba zan yi masa musu ba. Kowa ya ga yadda ake yi: a kwaso laka a jibge a bakin kwata, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito, baɗi a sake bayar da kwangilar. Haka tsaftar ƙarshen wata, a hana mutane fita daga bakwai zuwa goma, wasu su yi shara, da yawa su yi barci. Ya kuma ce siminti kaɗai ba ya magance ambaliya, nan ma ina tare da shi, har ma na fi shi zafi. Magudanar kankare ba ta kashe ruwa, gudu take ƙara masa, ta ɗauke shi daga unguwar masu hali ta sauke wa na ƙasa da su. Zaizayar da ta cinye gidaje a Bulbula da Gayawa ruwan unguwannin sama ne da aka tattara aka sako wa ƙasa mai yashi. Aikin rufe Jakara a shimfiɗa titi a kansa, wanda ake kira Wuju-Wuju, da aka fara a zangon Kwankwaso na biyu ya kuma tsaya shekaru, zai rage wari ya buɗe hanya, amma kogin da aka rufe ba a daina yashe shi ba, wahalar yashewar ce ta ƙaru. Idan ba a bar ƙofofin shiga da kuɗin kwasar yashi na kowace shekara ba, ranar da ya toshe ba wanda zai gani sai ruwa ya ɓullo ta tsakar gidajen mutane. Mutanen Seoul a Koriya ta Kudu sun rufe rafin Cheonggyecheon sun ɗora masa gadar sama, daga baya tsakanin 2003 da 2005 suka rushe gadar suka buɗe rafin.

Sai dai daga waɗannan gaskiya biyu malamin ya fitar da hukuncin da bai biyo ba. Idan ana cin kuɗin yashe kwata, wanda kowane mai wucewa ke iya leƙawa ya ga an yi ko ba a yi ba, me zai faru da kuɗin manhaja, wadda mutum ɗaya cikin dubu ba zai iya tantance farashinta ba? Ɓarawon da bai ji kunyar shebur ba, ba zai ji kunyar kwamfuta ba.

Kada a ɗauka gaba nake da fasaha. Tana da wuri, sai dai ba wurin da aka ajiye ta a makalar ba. Na'urar awo tana amfani ne inda labari ke iya riga ruwa isa. A cikin gari, daga saukar ruwa zuwa cikar kwata ba ya wuce sa'a. A kogi kuwa labarin daban ne. Ruwan da ya bar madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ko ta Challawa da aka gama a 1992, kwanaki yake yi kafin ya ratsa Wudil da Ringim ya isa Haɗeja, inda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa har ya rasa mafita sai gonaki da gidaje, kamar yadda Jigawa ta gani a 2022. A nan ma'aunin da ke aika saƙo da kansa yana saya wa manomi kwana biyu ko uku ya kwashe hatsi da dabbobi. Wannan kuɗi ne da ya cancanci kashewa, kuma ba shi da yawa. Amma ko shi, sai saƙon ya sauka cikin Hausa, ta rediyo da lasifikar masallaci da bakin dagaci, kuma akwai tudun da za a gudu a hau. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Nawa ne daga ciki ke isa kunnen mai gona a Auyo? Bangaladash, wadda guguwar 1970 ta kashe mata aƙalla mutum 300,000, ta rage mace-macen guguwa ƙwarai da hasashen tauraron ɗan'adam, amma haɗe da dubban 'yan sa kai masu lasifikar hannu da gine-ginen mafaka na kankare.

A cikin gari kuwa, fasahar da muke buƙata mai arha ce, kuma mai tona asiri. A Darussalam ta Tanzaniya, tun daga 2015, ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka bi lungu lungu da wayoyin hannu suna zana taswirar kwatoci, suna auna faɗi da zurfi, suna nuna inda ya toshe, aka kuma saka taswirar a fili kowa ya gani. Me zai hana ɗaliban Bayero da na Wudil da na Northwest su yi wa Kano haka cikin rani guda? Hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 20 da suka wuce suna nan kyauta a intanet. A jera na da da na yanzu, za a ga kowane kududdufi da ya ɓace da abin da aka gina a kansa. A haɗa da rajistar filaye, a ga wanda aka ba da wanda ya sa hannu. A wallafa sunan ɗan kwangilar kowace magudana da kuɗin da aka ba shi da ranar da ya ce ya gama, mutanen unguwa su ɗauki hoto su ce gaskiya ne ko ƙarya. A dasa ma'auni a bakin bututun masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ruwan jima ke fita, tunda da ruwan rafukan da yake zuba a cikinsu ake ban ruwan latas da kabejin da ke dawowa kasuwanninmu. Duk wannan fasaha ce, kuma duka ba za su kai kuɗin ɗakin sa ido guda ba. Ina kyautata zaton dalilin da ya sa ba a ɗokinsu shi ne kamarar titi talaka take kallo, taswirar fili kuwa ofis take kallo.

Tsari ma ba yau Kano ta fara gani ba. Akwai babban tsarin birni na shekara 20 da wani Bature mai suna Trevallion ya shirya, daga 1963 zuwa 1983. Gari ya fi ƙarfinsa, ba don an rasa zane ba, sai don mai hana gini ya fi mai gini rauni. A da akwai dubagari, wanda matan aure ke jin tahowarsa su hau wanke randa da share kwata, ba shi da komai sai littafi da ikon kai mutum gaban alƙali. Yau muna da hukumar tsara birni ta KNUPDA da ta kwashe shara ta REMASAB da ma'aikatar muhalli, ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da zai ce wa mai kuɗi ba za ka gina a nan ba, ya kuma kwana da tabbacin cewa gobe ba za a yi masa canjin wurin aiki ba. Ruwanda ta hana ledar sayayya tun 2008, ta kuma tashi masana'antu daga fadamar Gikondo a Kigali. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya buƙaci na'ura.

Don haka, Malam, ga roƙona gare ka, tunda kana da alƙalami kuma ana sauraronka. Ka zo mu haɗa murya mu nemi majalisar dokokin jiha ta yi doka ta ayyana duk kududdufin da ya rage a ƙananan hukumomi takwas na birni a matsayin filin al'umma da ba a yankawa, ba a cikewa, ko wane ne gwamna. Mu nemi a wallafa taswirar hanyoyin ruwa kafin damina mai zuwa, a kuma ware kuɗin kula da magudanai a layinsa daban cikin kasafi, inda kowa zai ga abin da aka saki. Ranar da aka yi waɗannan, ka sake kawo maganar na'urorinka, ni ne na farko da zai mara maka baya. Kafin nan, ban yarda a ciyo bashin ko dala ɗaya don ɗakin sa ido ba.